Tiyatar Jijiya Ga Hannun Da Ya Ƙandare: Yadda Ake Rage Saƙo Ko A Canja Masa Layi

Kafin ka ci gaba da karatu, dubi hannun da ka riƙe waya da shi. Yatsu huɗu sun tallafe bayanta, babban yatsa yana jan allo sama, wuyan hannu ya tsaya daidai inda ido zai gani. Kafin hakan ya yiwu, dole wasu tsokoki su matse, wasu kuma su saki a lokaci guda. Wannan sakin ba ma lura da shi, amma shi ne abin da mutane da yawa suke rasawa bayan shanyewar ɓarin jiki.

Kawuna yana cikinsu. Shekara uku ke nan da hawan jini ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo, yana zuwa masallaci da sanda, amma hannun dama ya naɗe a ƙirji, yatsu a dunƙule, babban yatsa ya shige cikin tafi. Idan za a yi masa alwala sai an ɓamɓare yatsun da ƙarfi, yana cije baki. Kwanan baya wani ya turo bidiyo a gurup ɗin gidanmu, wai a China ana wata tiyata da take tayar da mataccen hannu. Da yake ni ake kira mai kwamfuta a gida, ni aka ɗora wa binciken. Ni ba likita ba ne, sana'ata rubuta manhaja, don haka ka ɗauki wannan bayani a matsayin shiri kafin ganin likita. Tiyatar gaskiya ce, har iri biyu ce, amma abin da take yi ya sha bamban da abin da bidiyon ya faɗa.

Me ya sa hannun yake ƙandarewa?

Da farko mu raba kalmomi, domin a Hausa abu uku muke kira jijiya: wadda jini yake bi, wadda take ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda take ɗaukar saƙo. A nan ta ukun muke magana. Ka ɗauke ta kamar kebul mai ƙananan zare dubbai a ciki. Wasu zaren suna kai umarni daga laka zuwa tsoka, wasu kuma suna dawo da rahoto daga tsoka da fata zuwa laka.

A cikin kowace tsoka akwai ƙananan na'urorin ji da suke auna miƙewarta. Idan aka ja tsoka da sauri, sai su aika rahoto zuwa laka, laka kuma ta mayar da umarni nan take cewa tsoka ta matse, ba tare da ta jira ƙwaƙwalwa ba. Wannan ne kake gani idan likita ya buga ɗan guduma a ƙasan gwiwarka ƙafa ta yi tsalle da kanta. A jikin mai lafiya, ƙwaƙwalwa tana aiko da saƙon da yake danne wannan zagaye don kada ya wuce gona da iri.

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin wa'azi ko biki ya san ƙarar da lasifika take yi idan makirufo ya matso kusa da ita. Sauti ya fita daga lasifika, ya koma makirufo, ya sake fita da ƙarfi. Mai kula da na'ura ne yake rage murya a samu lafiya. Idan shanyewar ɓarin jiki, ko buguwar kai a haɗarin babur, ko raunin ƙwaƙwalwa lokacin haihuwa ya lalata hanyar da take saukowa daga ƙwaƙwalwa, to mai kula da na'urar ya tashi daga kujerarsa. Laka da tsoka sai su riƙa mayar wa juna saƙo ba mai tsawatarwa. Alamar da likitoci suke dubawa ita ce: idan ka miƙe hannun a hankali yana ɗan biyo ka, idan ka fizge shi da sauri sai ya turje.

Tsokokin da suke naɗe hannu su ne suka fi rinjaye, shi ya sa siffar take kusan iri ɗaya a wurin kowa: damtse manne da haƙarƙari, gwiwar hannu a lanƙwashe, tafi yana kallon ƙasa, wuyan hannu a karye, yatsu a dunƙule. Bayan rashin amfani da hannun, akwai ciwo, da wahalar sa riga, da wari ko gyambo a tafin da ba ya buɗuwa, har farce yana iya huda fata.

Abin da ake fara yi kafin a kai ga wuƙa

Ba a fara da tiyata. Matakin farko shi ne sashen gashi na asibiti, inda ake miƙe gaɓoɓi, a koyar da motsa jiki, a sa abin ɗaure hannu don kada ya ƙara naɗewa. Sai magungunan sha irin su bakulofen, waɗanda suke sassauta tsoka amma suna aiki a jiki gaba ɗaya, shi ya sa suke kawo barci da kasala. Sai allurar gubar botulinum, wadda aka fi sani da Botox. Ana yin ta a cikin tsokar da ta ƙandare, ta toshe saƙo a daidai mahaɗar jijiya da tsoka. Tana aiki, amma bayan wata uku zuwa huɗu ƙarfinta yana gushewa, sai an sake, kuma tana da tsada. Wanda allurar take yi wa amfani amma ya gaji da maimaitawa, ko kuɗinta ya gagare shi, shi ne irin wanda ake fara tunanin yi wa tiyatar jijiya.

Gwaji kafin yanka

Wannan matakin ya burge ni, domin haka muke yi a rubutun manhaja: ba ka goge wani sashe na aiki sai ka fara kashe shi na ɗan lokaci ka ga abin da zai faru. Likita yana yin allurar kashe zafi, irin lidokayin, a kusa da reshen jijiyar da yake zargi. Yana gano wurin da na'urar hoton sauti, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ko da wata allura mai ba da ƴar wutar lantarki. Reshen zai yi barci na ƴan sa'o'i, a wannan lokacin sai a ga samfurin abin da tiyata za ta bayar.

Gwajin yana amsa tambaya biyu. Ta farko: idan an kashe saƙon, hannun yana miƙewa? Idan ya miƙe, matsalar ta saƙo ce. Idan ya ƙi, to tsokar da jijiyar da take ɗaure ta da ƙashi sun riga sun gajarce saboda daɗewa a naɗe, kuma yanke jijiyar saƙo kaɗai ba zai buɗe shi ba, sai an haɗa da tiyatar tsawaita su. Ta biyu: a ƙarƙashin taurin akwai sauran motsi? Wani da zarar tsokar naɗewa ta saki, sai a ga yana iya ɗaga yatsunsa da kansa, ashe ƙarfin yana nan, danne shi aka yi. Wani kuma hannun zai saki ya yi laƙwas, ba motsi. Shi ma yana iya amfana ta wajen tsafta da sauƙin ciwo, amma ya kamata ya san haka tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Akwai ma wanda da taurin yake rataye leda ko ya danne takarda, idan aka cire masa sai ya yi asara.

Tiyata ta farko: rage zaren da ke cikin kebul

Wannan dabara ta haura shekara ɗari. Adolf Lorenz na Biyana ya yanke jijiyar cinya don rage ƙandarewa a 1887, sannan likitan Jamus Adolf Stoffel ya yi irin wannan a jijiyoyin hannu a farkon shekarun 1910. An yi watsi da ita na wani lokaci saboda kayan aikin zamanin ba su iya bambanta zaren motsi da zaren ji ba. Madubin tiyata mai ƙara girma da na'urar tsokanar jijiya da lantarki su suka dawo da ita, musamman a Faransa, a hannun likitoci irin su Marc Sindou a Liyon da Caroline Leclercq a Faris.

Ga yadda ake yi. Likita yana buɗe fata a kan hanyar jijiyar, ya bi ta har inda take rarrabuwa zuwa ƙananan rassa masu shiga tsoka. Idan gwiwar hannu ce ta naɗe, ana neman jijiyar da take ciyar da tsokar gaban damtse. Idan wuyan hannu da yatsu ne, ana bin rassan jijiyar da take bi ta tsakiyar hannu, da kuma waccan da take wucewa ta bayan gwiwar hannu, wadda idan ka buge ta a jikin ƙofa kake jin kamar wuta ta ja ka har ƙaramin yatsa.

Kowane reshe sai an taɓa shi da ɗan tsinken lantarki mai ƙarfin kimanin miliamfa 1. Cajar waya mai amfa 2 ta ninka wannan sau 2,000. Tsokar da ta motsa ita ce ta wannan reshe, kamar yadda mai gyaran wuta yake gwada layi kafin ya yanke. Idan an tabbatar, sai a yanke wani kaso na zaren reshen, yawanci daga rabi zuwa kashi 80 cikin 100, a cire ɗan guntu don kada bakin biyu su sake haɗuwa. Ana kauce wa zaren da yake kawo ji daga fata, domin taɓa shi yana iya barin mutum da raɗaɗi mai wuyar magani.

Tambayar da na fara yi ita ce: idan an yanke fiye da rabin layin, ai hannun zai ƙara mutuwa? A makonnin farko tsokar tana yin rauni, haka ne. Amma zaren umarni da suka rage suna fitar da ƙananan rassa su karɓi sassan tsokar da suka rasa mai ba su umarni, don haka ƙarfi yana dawowa cikin watanni. Zaren rahoto kuwa, waɗanda suke kai labarin miƙewa zuwa laka, ba sa sake haɗuwa yadda suke a da. Ke nan lasifika tana dawo da muryarta, amma makirufo ya yi nisa da ita. Wannan bambanci shi ne sirrin tiyatar.

Tiyata ta biyu: janyo layi daga ɓangaren lafiya

Wannan ita ce ta bidiyon. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi yake juya hannun dama, ɓarin dama kuma hannun hagu. Idan ɓarin hagu ya lalace, na dama yana nan lafiya, sai dai ba shi da isasshen layi zuwa hannun dama. Sai likitoci suka ce, me zai hana a ja masa layi?

Jijiyoyin kowane hannu suna fitowa ne daga saiwoyi biyar a wuya, waɗanda ake kira C5, C6, C7, C8 da T1. Ta tsakiya, C7, tana da wata siffa: kusan duk aikin da take yi, maƙwabtanta na sama da na ƙasa suna taya ta, don haka ana iya ɗauke ta hannu ya ci gaba da aiki. Likita Gu Yudong na Asibitin Huashan da ke Shanghai ya fara amfani da wannan a 1986, ga waɗanda haɗari ya tsinke musu jijiyoyin hannu daga wuya. Daga baya Xu Wendong da abokan aikinsa a wannan asibiti suka gwada ta ga waɗanda raunin nasu a ƙwaƙwalwa yake. Ana yanke C7 ta ɓangaren lafiya da ta ɓangaren ciwo, a ratsa da ta lafiyar ta gaban ƙashin wuya, a ɗinke ta da ta ɓangaren ciwo.

Sakamakon gwajinsu ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a farkon 2018. Mutum 36 ne, ƴan shekara 12 zuwa 45, waɗanda hannunsu ya shanye fiye da shekara biyar. An yi wa 18 tiyata tare da gashi, 18 kuma gashi kaɗai. An auna su da ma'aunin Fugl-Meyer, wanda yake ba wa aikin hannu maki daga 0 zuwa 66. Bayan wata 12, waɗanda aka yi wa tiyata sun ƙaru da maki 17.7 a matsakaici, ɗaya rukunin kuma 2.6. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa ɓarin lafiya ya fara hulɗa da hannun da ya shanye.

Sauƙin yana zuwa ne hawa biyu. Na farko yana zuwa da wuri, domin yanke C7 ta ɓangaren ciwo shi kansa yana rage saƙon da ya yi yawa. Na biyu sai an yi haƙuri, domin jijiya tana tsiro kimanin milimita 1 ne a rana, wato kusan santimita 3 a wata. Kuma ko layin ya isa, sai ƙwaƙwalwa ta koyi amfani da shi. Kamar ka jona sabuwar firinta a kwamfuta ne: kebul ya shiga, amma ba za ta buga komai ba sai an sa mata manhajar da za ta gane ta. A nan manhajar ita ce motsa jiki na kullum, wata da watanni.

Ga abin da bidiyon bai faɗa ba. Mutum 36 adadi ne kaɗan, a asibiti ɗaya, kuma kowa a cikinsu ya san ko an yi masa tiyata ko ba a yi ba. Matasa ne da masu matsakaicin shekaru, ba dattawa irin kawuna ba. Ƙarin maki 17.7 cikin 66 ci gaba ne babba, amma bai mayar da hannun yadda yake kafin ciwo ba. Sannan hannun lafiya yana biyan nasa kason: an samu dindiris a yatsu da raunin miƙe gwiwar hannu, wanda ya gushe wa yawancinsu cikin ƴan watanni. Ga mutumin da hannu ɗaya ya rage masa, wannan abin a zauna a yi shawara ne sosai.

Abin da tiyatar ba ta yi

Duka biyun ba sa gyara ɓangaren ƙwaƙwalwa da ya lalace. Ta farko tana rage hayaniya ne a layin, ta biyu kuma tana buɗe sabuwar hanya. Abin da aka yanke ba a mayar da shi. Akwai haɗarin da ke cikin kowace tiyata, kamar zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta da matsalar maganin barci. Akwai kuma nata na musamman: rauni ya wuce yadda aka so, raɗaɗin jijiya, ko taurin ya ɗan dawo bayan shekaru. Ba a kuma yin ta da wuri, sai an bar jiki ya gama farfaɗowar da zai yi da kansa, yanayin ya tsaya wuri ɗaya.

Saboda haka idan ka ga talla a TikTok ko Facebook ana cewa a turo kuɗi a kai mara lafiya waje a dawo da shi garau, yi waɗannan tambayoyi. Wane irin tiyata ce a cikin biyun? An yi gwajin allura? Mene ne burin, riƙe cokali ko buɗe tafi don a wanke? Wa zai kula da gashi bayan an dawo gida? Wanda ya yi maka alƙawarin warkewa tun bai taɓa hannun ba, kuɗinka yake so. Ƙofar da ta dace ita ce sashen gashi na asibitin koyarwa ko asibitin ƙashi, daga nan su tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiya ko likitan tiyatar hannu.

Abin da wayarka za ta iya yi tun yau

Na farko, ɗauki bidiyo. Ka ɗauki hannun yana hutawa, yana ƙoƙarin buɗewa, yana ƙoƙarin ɗaukar kofi, a wuri ɗaya da haske ɗaya, sau ɗaya a wata. Taurin yana canjawa da sanyi, gajiya, ciwo da tashin hankali, don haka abin da likita zai gani cikin minti goma ba lallai ya zama abin da kuke gani a gida ba. Ka nemi izinin mara lafiyar kafin ka ɗauka, kuma kada bidiyon ya fita zuwa gurup.

Na biyu, gyara masa wayarsa. Allon rubutu na Gboard yana da tsarin hannu ɗaya, wanda yake matso da haruffa gefe guda. A 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya yin rubutu da murya, don haka yana iya faɗa waya ta rubuta. A saitin sauƙaƙa amfani na Android akwai wurin ƙara tsawon lokacin dannawa, don kada yatsa mai nauyi ya riƙa buɗe abin da ba a nufa ba. A iPhone akwai AssistiveTouch. Ɗan maƙalin ajiye waya a kan tebur, wanda ake samu a kowace kasuwar waya, yana hutar da hannun lafiya daga riƙo.

Na uku, sa masa ƙararrawar shan maganin hawan jini da ta lokacin motsa hannu. Hannun da ake miƙewa kullum ba ya saurin gajarcewa, kuma shi ne wanda tiyatar jijiya za ta fi yi wa amfani idan an kai ga haka.

Mu a gidanmu mun ajiye maganar China. Mun mayar da kawu sashen gashi da ya daina zuwa tun bara, na ɗauki bidiyon wata biyu, kuma mun rubuta tambaya ɗaya da za mu kai wa likita: idan aka kashe saƙon na ƴan sa'o'i, hannun nan zai buɗe? Shi kawu ya ce ba ya neman ya koma rubutu da shi, burinsa ya wanke tafinsa da kansa idan zai yi alwala. Allah ya ba shi lafiya, da sauran marasa lafiya baki ɗaya.